Yadda Za Ka Horar da Jikinka Don Rawar Bamaya da Takai

Wanda ya taɓa tsayawa kallon Bamaya a Walewale ko Yendi ya san abin da ke riƙe ido. Ga ƙato da gemunsa, ya ɗaura ɗan zane irin na mata, ya yi ɗamara mai tuntaye da duwatsun ado, kacau-kacau a ƙafa, mafici a hannu. Ana buga gangar gungon, mai sarewa na bi, ƙugun mutumin na kaɗawa da saurin da ido ba ya iya bi, amma kafaɗunsa na nan tsaye cik. Mata na guɗa, yara na dariya, masu hali na fitowa suna manna masa kuɗi a goshi. Dagombawa sun gaji labarin cewa wani fari ne ya taɓa addabar ƙasarsu, aka ce alhakin matan da ake wulaƙantawa ne, kuma ruwa ba zai sauka ba sai maza sun sa tufafin mata sun yi rawa a bainar jama'a. Suka yi, aka sami ruwa, rawar ta zauna da barkwancinta.

Sauya tufafi don ba da dariya ba a nan kaɗai ake yinsa ba. A gidajen wasa na Landan cikin ƙarni na 19 mata kan fito cikin shigar maza suna kwaikwayon manyan wasanni don shaƙiyanci, har Lydia Thompson ta kai tawagarta Amurka a 1868. Haka ma lanƙwasa jiki a gaban jama'a: ga 'yan koroso a Kano, ga 'yan mallakhamb a Indiya da ke nannaɗe jiki a turken katako, ga masu wasan sandar ƙarfe ta tsaye a Turai. Abin da ya haɗa waɗanda suka daɗe a cikinsu shi ne laushin jikinsu tafe yake da ƙarfi, kuma a hankali aka gina shi. Damuwata ita ce samarinmu na zango, daga Salaga har Bawku, da ke ganin bidiyo a waya su tashi rana ɗaya su ce sai sun yi abin da wani ya shekara da shekaru yana koyo. Bayan mako biyu sai ka ga yaro yana tafiya dafe da kwankwaso. Saboda su na tsara waɗannan matakai.

Mataki na 1: San abin da rawarka ke nema a jikinka

Bamaya ƙugu take ci, da gwiwa da idon sawu. Takai kuwa, wadda maza ke yi cikin da'ira sanye da manyan rigunan batakari, kowa riƙe da sandar ƙarfe yana bugawa da na gabansa sannan ya juya ya buga da na bayansa, kafaɗa take ci da wuyan hannu da ƙarfin tsayuwa lokacin juyi. Rawar Damba ta mutum ɗaya, irin wadda ake yi a ƙofar fadar Ya-Na a Yendi ko ta Nayiri a Nalerigu, nutsuwa take so da iya sarrafa riga. Tora ta mata, inda biyu ke fitowa su yi tsalle su haɗa kwankwaso, agara da diddige ne ke shan wuyarta. Zaɓi guda ka fara da ita.

Akwai gidajen da ba su yarda namiji ya ɗaura zanen mata ba ko da wasa, kuma malamai da dama na kan wannan ra'ayi. In haka gidanku yake, kada ka ja da iyayenka. Takai na nan, kuma kusan duk atisayen da zan kawo ya shafe ta.

Sannan ka nemi wanda zai koya maka. Makaɗan gangar lunga, waɗanda Dagombawa ke kira lunsi, gadon kiɗa suke yi, sun san taken kowace rawa da inda take sauya sauri. Ka je musu da goro, ka durƙusa ka gaida su, ka ce koyo ka zo. A Tamale ma akwai cibiyar raya al'adu inda tawagogi ke gwaji. Kada ka raina abin: tun 1962 aka kafa tawagar rawa ta ƙasa a Jami'ar Ghana da ke Legon ƙarƙashin J. H. Kwabena Nketia da Mawere Opoku, kuma raye-rayen arewa na cikin abin da take nunawa.

Mataki na 2: Wuri, lokaci da lafiyarka

Guji dandamalin siminti in da hali, domin duk dukan da ƙafa ta yi masa gwiwa ce ke amsawa. Nemi ƙasa mai ɗan laushi a inuwar dogon yaro ko mangwaro, ka share tsakuwa da ƙaya, ka ajiye tabarma a gefe. A watannin Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40 a Walewale da Bawku, saboda haka bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya za ka fito, da gorar ruwanka. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, jiki kan tashi a sandare, sai ka ninka lokacin ɗumama shi. Cikin azumi ka bari sai an sha ruwa, abinci ya ɗan faɗa.

Mai sikila, mai hawan jini, mai asma ko mai ƙaba ya fara ganin likita. Mai sikila musamman, domin gumi da ƙarancin ruwa a jiki na iya tayar masa da ciwon.

Mataki na 3: Ɗumama jiki

Majemi ba ya jan fata tana bushe, sai ya jiƙa ta, in ba haka ba ta yage a hannunsa. Tsokarka ma haka take. Minti 5 zuwa 10 na sassarfa, ko tsallen igiya, ko taka rawar a hankali, har ka ji gumi ya fara tsattsafowa a goshi, amma kana iya magana ba tare da haki ba. Wanda ya sauko daga kan mashin ko ya wuni zaune a shago ya fi kowa bukatar wannan.

Mataki na 4: Miƙa mai motsi

Kafin rawa ba a tsayawa a ja tsoka a riƙe ta da daɗewa, domin masu bincike sun gano cewa riƙon da ya wuce minti ɗaya kan ɗan rage ƙarfin tsalle da saurin ƙafa nan take. Motsi ake yi. Dafa bango ka wurga ƙafa gaba da baya sau 10, sannan gefe da gefe sau 10, ka sauya ƙafa. Ka juya idon sawu, ka juya kafaɗu gaba da baya, ka yi tafiya da dogon taku kana sauke gwiwar baya kusa da ƙasa. Ka fara da ƙaramin motsi, yana buɗewa da kansa. Wuya kuma hagu da dama kawai, da sama da ƙasa, ba a wulwula shi.

Mataki na 5: Gina ƙafa tukuna

Nan ne yawancin samari ke ƙosawa, domin ba shi da armashi, alhali a kansa komai ya tsaya. Mai Bamaya ba ya miƙe gwiwa sam har a gama kiɗa, yana nan a ɗan rusune. In cinyarka ba ta jure wannan tsayuwa, da ta gaji bayanka ne zai ɗauki nauyin.

Jingina bayanka da bango, ka zame ƙasa har gwiwa ta lanƙwashe kamar kana kan kujera, ka riƙe daƙiƙa 20. Kowane mako ka ƙara 10, har ka kai minti ɗaya ba tare da ƙafa na rawa ba. Sannan tsugunno da tashi sau 10 zuwa 15, diddige a ƙasa, gwiwa na kallon inda yatsun ƙafa ke kallo. Ka lura sosai kada gwiwoyin su faɗo ciki suna neman haɗuwa. Sai ɗage: ka hau kan yatsu ka sauko a hankali sau 15, in ya yi sauƙi ka koma ƙafa ɗaya. Na ƙarshe, ka tsaya a ƙafa ɗaya daƙiƙa 30, in ka iya ka rufe ido. Wannan ne ke koya wa idon sawu gyara kansa in ka taka rami a filin rawa.

Ciki ma na da nasa aikin. Kwanta rub da ciki, ka ɗaga jiki a kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa, jiki a miƙe sambal, daƙiƙa 20 zuwa 40. Ka kuma yi ta gefe. Waɗannan tsokoki ne za su riƙe ƙirjinka tsaye sa'ad da ƙugu ke aiki.

Mataki na 6: Ƙugu

Mai kallo yana zaton da baya ake kaɗa ƙugun Bamaya. Wannan zato ne ke jawo ciwo. Ƙasan ƙashin baya an halicce shi ya sunkuya ya miƙe, amma murɗawarsa ɗan kaɗan ce. Juyin da kake gani daga ƙasa yake tasowa: tafin ƙafa na tura ƙasa da ƙananan taku masu sauri, gwiwa a sake, gaɓar da ta haɗa cinya da kwankwaso ita ke juyawa, kwankwason na bi. Wanda ya sandare ƙafa ya ce zai fizgi ƙugu da tsokar baya, zai yi minti biyu yana burge mutane, ya kwana uku yana jinya.

Ga yadda za ka raba sama da ƙasa. Nemi turken rumfa ko sandar da aka kafa da kyau, ka kama ta da hannu biyu daidai ƙirji. Buɗe ƙafa faɗin kafaɗa, ka ɗan rusuna. Yanzu tura kwankwason dama gaba, na hagu ya koma baya, sannan ka sauya. A hankali ƙwarai, kana ƙirga ɗaya, biyu. Hannuwanka da ke kan turken za su faɗa maka gaskiya: in ka ji suna ja ko suna turawa, kafaɗarka ta shiga rawar, ka rage sauri. Yi daƙiƙa 30, huta 30, sau biyar. Numfashi kada ya tsaya. Da yawa kan danne shi ba su sani ba, shi ya sa suke saurin galabaita.

In wannan ya zauna, saki turken ka ɗora ƙaramar ƙwarya a ka. Muddin tana faɗowa, ba ka isa ƙara sauri ba. Bayan haka ka huda marafan kwalba ka zura su a igiya, ka ɗaura a ƙugu bisa wani tsohon ƙyalle. Kunnenka zai zama malaminka. Kas-kas ɗin dama da na hagu su zo daidai wa daida. Kusan kowa yana da ɓangaren da ya fi ɗaya ƙarfi, za ka ji ɗaya na amo, ɗaya na ja da baya. Mai raunin za ka ƙara wa aiki, ba mai ƙarfin ba.

Sai a ƙarshe sauri ke zuwa, kuma da kiɗa ake nemansa. Roƙi mai gungon ya fara maka da sanyi, ya riƙa ƙara wuta kaɗan kaɗan. In ba makaɗi, abokinka ya tafa maka. Da ka ji amon marafan ya rikice, koma baya. A ganina gara mai rawa da ke tafiya da matsakaicin sauri amma tsab, da wanda ke ta fizge-fizge. Barkwancin Bamaya ma daga nan yake fitowa: mutum yana firfita da mafici, yana yauƙi, yana kashe ido, fuska a sake, alhali daga ƙugu zuwa ƙasa aiki ake yi tuƙuru. Wanda jikinsa ke masa ciwo ba zai iya wannan sakin fuska ba.

Mataki na 7: Juyin Takai da nauyin batakari

Batakarin da aka saƙa a Daboya ko Yendi yana da nauyi, kuma in ka juya ya buɗe yakan ja ka. Fara koyon juyi da 'yar shara. Zaɓi abu ɗaya daidai idonka, ko reshe ko tagar wani gida, ka kafa masa ido. Jiki ya fara juyawa, kai ya biyo baya da sauri ya sake samun abin nan. Haka ake rage hajijiya. Rabin juyi tukuna, dama da hagu, sannan cikakke. A kan gaban tafin ƙafa ake juyawa. In ka dasa diddige a ƙasa ka murɗa jiki, gwiwa ce ke murɗewa.

Sanda kuma ka fara da ta icce. Ku tsaya ku uku ko huɗu, ku yi bugun a hankali har kowa ya san inda sandar ɗan'uwansa za ta zo, kafin ku ɗauki ƙarfe. Kada ka ƙanƙame ta, riƙo mai sassauci ya fi kare wuyan hannu. Takai tana da sassa, irin su Nyagboli da Kondaliya, kowanne da takunsa, don haka ka koyi ɗaya ya zauna kafin na gaba. In saura makonni kaɗan a fita fili, sai ka riƙa gwaji da rigar da za ka sa ranar.

Mataki na 8: Miƙa ta riƙo, bayan an gama

Yanzu da jiki ya yi zafi ne ake neman ƙarin laushi. Shawarar ƙungiyar likitocin wasanni ta Amurka ita ce a riƙe kowace miƙa daƙiƙa 10 zuwa 30, a maimaita sau 2 zuwa 4 har jimla ta kai kamar daƙiƙa 60 ga kowace tsoka, aƙalla kwana 2 ko 3 a mako, kullum kuwa ya fi. Dattawa su riƙe 30 zuwa 60. Iyakarka ita ce inda ka ji ja, ba inda ka ji zafi ba. Kuma ba a yin bori da jiki ana dannawa ana saki.

Gaban kwankwaso: durƙusa a gwiwa ɗaya kan tabarma, ɗaya ƙafar a gaba, ka matse ɗuwawu ka tura ƙugu gaba kaɗan. Masu acaba da teloli za su ji wannan sosai. Bayan cinya: ɗora diddige a kan turmi da aka kife ko benci, baya a miƙe, ka sunkuyo daga ƙugu, ba daga wuya ba. Cikin cinya: zauna ka haɗa tafin ƙafafu, ka bar gwiwoyi su sauka da nauyinsu. Ɗuwawu: kwanta rigingine, ɗora idon sawun dama a gwiwar hagu, ka jawo cinyar hagu zuwa ƙirji. Agara: dafa bango, ƙafa ɗaya a baya, diddige a ƙasa. Ƙirji da kafaɗa: sa hannu a bakin ƙofa ka ɗan juya jiki.

Akwai dabarar da ke hanzarta abin. In ka kai iyakar miƙa, ka tura ƙafar a kan abin da ta dogara da shi da rabin ƙarfinka na daƙiƙa 5, ka saki, ka fitar da numfashi, za ka ga ta ɗan ƙara tafiya. In ka gama ka shafa man kaɗe ka murza. Ba ya ƙara laushin gaɓa, amma murzawar tana sa tsoka ta saki, da hunturu kuma man yana hana faso.

Mataki na 9: Ga mai son tsagewa da gantsarewa irin na 'yan koroso

Wannan aikin watanni ne, ga wasu ma shekara, kuma ƙirar ƙashin kwankwaso ta bambanta, akwai wanda ba zai taɓa kai ƙasa ba ko ya yi iya yinsa. Sauka da hannuwa dafe da bulo biyu, da matashi a ƙarƙashinka. Ka kuma gwada kanka: duk inda ka iya kai ƙafarka da taimakon hannu, ka yi ƙoƙarin ɗaga ta kusa da wurin da ƙarfinta kaɗai. In tazarar na da yawa, ƙarfi ya kamata ka nema, ba ƙarin miƙa ba. Gantsarewa kuwa daga ƙirji da kafaɗa ake buɗe ta, kada duk lanƙwasar ta taru a ƙasan baya.

Ina roƙon masu koyar da yara da babbar murya: kada a hau bayan yaro a danna shi ƙasa, kada a zauna masa a gwiwa. Ƙasusuwansa ba su gama haɗewa ba, tsoka na iya fizge ɓangaren ƙashi a inda ta manne. Kukan yaro a wurin nan ba ragwanci ba ne.

Mataki na 10: Rarrabe tsamin jiki da rauni

Tsamin da ke zuwa washegari ko bayan kwana biyu, a cikin naman tsoka, ɓangare biyu daidai, ya tafi cikin 'yan kwanaki, wannan ba komai. Amma zafi mai suka a cikin gaɓa, ko ƙara da ka ji lokacin da abin ya faru, ko kumburi, ko ciwon da ke sauka daga baya zuwa ƙafa da mutuwar yatsu, wannan tsayawa ake yi nan take. Targaɗen idon sawu a huta da shi, a sa ƙanƙara cikin ƙyalle minti 15 zuwa 20, a naɗe da bandeji ba matsewa sosai ba, a ɗaga ƙafar. Ranar farko ba a gasa shi da ruwan zafi, ba a murza shi da ƙarfi. In ba ka iya taka ƙafar taku huɗu ba, tafi asibiti a ɗauki hoto kafin a kai ga maɗori. Kuma don Allah kada ka sha tiramol don ka iya fita fili. Ciwon kawai yake ɓoyewa, kai kuma kana ƙara ɓarna, ban da jarabar da yake jawowa.

Mataki na 11: Tsara lokacinka zuwa ranar fita

In don bikin Damba kake shiri, cikin watan Rabi'ul Awwal yake zuwa, Somo Damba tukuna, sai Naa Damba bayan kamar mako guda, saboda haka yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara. Duba kalanda ka ƙirga wata uku baya. Watan farko ƙafa, ciki da miƙa. Na biyu ƙugu ko juyi a hankali. Na uku kiɗa, tufafi da sauri. Kwana uku ko huɗu a mako sun isa, da hutu a tsakani, domin jijiya da gaɓa sun fi tsoka jinkirin sabawa. Ka ci abinci mai riƙe ciki, tuwon zafi, wake, ƙosai, gyaɗa, fura da nono, ka kuma sami barci.

Kwana biyu kafin ranar ka sassauta, kada ka gwada sabon abu. Duba igiyar kacau-kacau da ɗamara, ka sa ƙyalle a ƙarƙashinsu don kada su goge maka fata. A filin akan daɗe ana jiran sarki da manyan baƙi, jiki ya huce, saboda haka in ka ga an kusa kiran tawagarku ka koma bayan rumfa ka sake yin mataki na 3 da na 4. In kun shiga ku fara gaida sarki da dattawa, sannan makaɗa. Kuɗin da aka manna maka kuwa akwai rabon masu lunga da gungon a ciki, ka cire musu nasu kafin ka bar filin.